Muryar da Lujain Ta Ara

"To shi wannan Yunusan naki, in ya gama kwaikwayon uwar tasa, sai su tafa masa?"

"Jonah, ya Sitti. Jonah Tarwell. Sau nawa zan faɗa miki?"

"Yunusa dai. Ba zan karya harshena da tsufana saboda wani Bature ba."

"Ba Bature ba ne. Baƙi ne, kamar ni da ke."

"Kamar ke dai. Ni wankan tarwaɗa ce. Da kakanki na raye da ya ba ki labari."

Lujain ta ƙyalƙyale da dariya har littafin da ke cinyarta ya zame ƙasa. Hajiya Saudatu ko murmushi ba ta yi ba, ta ci gaba da dakan yajinta a ɗan turmin da ta matse tsakanin ƙafafunta, ƙamshin citta da ƙuli-ƙuli ya cika saman benen. Daga nan gidansu na Tandabawi ana hango kan dogon agogon Harami da otal-otal ɗin da suka yi wa tsohuwar unguwar rumfa. Tsohuwar ta daina gasa tsire tun da gwiwa ta kama ta, amma har yau masu siriye, yadda 'yan Makka ke kiran tsiren, ba sa yarda da yajin kowa sai nata.

Haka suke ita da jikarta tun Lujain na rarrafe. Wasan kaka da jika ne, irin wanda Hajiya ta taho da shi daga Kano tana amarya, ta biyo da shi ta Sudan, ta sauke shi a Makka bai ko ƙwarzane ba. Lujain ta kira ta tsohuwa mai ran ƙarfe, ita kuma ta kira ta mummuna mai bakin Larabawa. Lujain ta kwaikwayi Larabcin kakar, wanda shekara hamsin da ɗoriya ba su gyara shi ba, kakar ta rama da kwaikwayon Hausar Lujain da ke fita a karkace kamar an taka ta. Ba wanda ke fushi. Duk wanda ya kai wani ƙasa yau, gobe za a kai shi. A duk gidan, a wurin tsohuwar nan kaɗai Lujain ke jin ba ta bukatar zama kowa.

"Ƙarasa mini," in ji Hajiya. "Kin tsaya a kifi."

Lujain ta gyara zama. Shekara biyu ke nan tana rubuta risalarta ta digiri na biyu a kan mawaƙin nan Jonah Tarwell, kuma in gaskiya za a faɗa, wani irin so take masa, irin son da ake yi wa wanda ya mutu tun kafin a haifi kakan mutum. Hotonsa ɗaya ne ya rage a duniya, wani siririn mutum da kwat da idanu kamar wanda aka bari a tasha. An haife shi bayan 'yanta bayi, a wani ƙaramin gari a bakin kogi can kudancin Amurka. Uwarsa gyaran kifi take yi a kwata. Da hannun nan mai ƙarni ta tura shi makaranta, ya fito yana tsara waƙoƙi da Turancin littafi, tsaf-tsaf, a kan wata da taurari da kewar masoyi. Ba wanda ya waiwaye su. Sai wata rana a wani taro, don kawai ya cike lokaci, ya karanta wata 'yar waƙa da ya rubuta da irin maganar uwarsa, yadda take yi wa kifi faɗa, ta yi wa kogi faɗa, ta juya ta kai ƙararsu wurin Ubangiji. Zauren ya ɗauki dariya da tafi. Daga ranar sunansa ya tashi. Birni-birni ake kiransa, fararen fata su cika kujeru, shi kuma ya tsaya ya riƙe ƙugu kamar ita, ya murguɗa baki kamar ita.

"Har yau malamai faɗa suke a kansa," in ji Lujain. "Wasu su ce ya ceci harshen mutanensa, da ba don shi ba da ya ɓace. Wasu su ce ya kai shi kasuwa an yi masa dariya. Ni ina bayan na farko. So ne, ya Sitti. Ba mai kwaikwayon murya haka sai wanda ya so mai ita."

"Ita uwar ta taɓa zama ta ji shi?"

"Sau ɗaya aka shirya masa taro a garinsu. Ranar ya kwanta zazzaɓi, bai samu zuwa ba."

"Uhm. Zazzaɓin ya san rana."

"Da gaske ba shi da lafiya! Babi guda na yi a kai."

"To ni na ce wani abu? Miƙo mini rariya, mummuna."

Daga ƙasa muryar mahaifiyarta Maimuna ta taso, rabi Hausa rabi Larabci, tana cewa yalla ta sauko ta goge kofunan gahawa, baƙi bayan la'asar za su iso. Lujain ta san da zuwan, makonni take ƙirga shi da zumuɗi, amma duk lokacin da aka ambace shi sai zumuɗin ya gauraye da tsoro.

Baƙin su ne Ummu Rakan da 'yarta Basma, daga unguwar Zahir. Basma ƙawarta ce a jami'a. Su ma asalinsu Hausawa ne, kakan kakansu ne ya zo aikin Hajji ya zauna, amma a gidansu yanzu ko "sannu" ba mai iya faɗa. Tun a shekararsu ta farko, wata rana a wurin cin abinci, Lujain ta yi wa ƙawayenta Larabcin Hajiya, yadda take cin mutuncin mai nama: "Ya walad, hada nama ko takalmi? Inta mafi tsoron Allah?" Suka yi dariya har da hawaye. Ita da kullum take gefe, ranar ta zama tauraruwa. Da Basma ta tambaye ta wace ce wannan, sai bakinta ya riga zuciyarta, ta ce wata tsohuwa ce maƙwabciyarsu mai siriye. Daga nan kullum sai an ce ta yi maƙwabciya. Basma ta naɗi muryar a waya ta kai gida, wanta Rakan ya ji. Daga baya, da magana ta yi nisa tsakaninsu ta hanyar Basma, ya aiko mata cewa ba kwaikwayon ne ya kama shi ba, dariyar da ta yi a ƙarshe ce, wai ya ji ta kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Lujain ta karanta saƙon nan har ta haddace shi. Ta sha ɗaukar waya don ta gaya wa Basma gaskiya, sai ta ce bari gobe. Goben ce ta zama yau.

Ta lallashi kanta da cewa gwiwar Hajiya ba za ta bar ta ta sauko ba. In ma ta sauko, gaisuwa ce kawai.

Bayan la'asar baƙin suka iso cikin ƙamshin oud. Aka zaunar da su a majalisi, ɗakin baƙi, aka yi gaishe-gaishe da Larabci, Ummu Rakan tana ƙare wa Lujain kallo ta ƙasan ido irin na uwa mai neman wa ɗa. Maimuna ta tashi ta shiga kicin ɗauko gahawa da dabino. A wannan ɗan tsakanin ne Lujain ta ji takun da ta sani, taku ɗaya, hutu, taku ɗaya, a kan matakala.

Hajiya Saudatu ta shigo cikin atamfarta shuɗiya da ba ta fitowa sai Idi, ta sha turaren wuta, ta ja kwalli, har da awarwaron azurfar aurenta. Tana haki, amma fuskarta a washe.

"Ahlan, ahlan, marhaban da baƙi! Inti kwayyis? Awlad kwayyis? Gajiya mafi?"

Idanun Basma suka buɗe. Ta dafe bakinta, ta kalli Lujain, ta kalli tsohuwar, sai dariya ta ƙwace mata.

"Wallahi ita ce! Mama, ita ce maƙwabciyar da nake ba ki labari, mai siriye! Lujain, ashe ba ki ƙara komai ba!" Ta riƙe ƙugu, ta murguɗa baki. "Ya walad, hada nama ko takalmi? A'a, ban iya ba, ke yi mana. Don Allah yi mana na mai nama, ga ta ga ki!"

Hajiya ba ta iya furta Larabci daidai, amma ba abin da ke wuce kunnenta. Hannun da ta miƙa don gaisawa ya tsaya a iska. A hankali ta juyo ta dubi jikarta. Ba fushi a idon, da ma fushi ne da sauƙi. Kallon wanda ke jiran a ce masa ƙarya ne, bai ji daidai ba.

Ummu Rakan ta harari 'yarta, sannan ta yi murmushin gyara zance. "Maƙwabciyarku ce, habibti? Masha Allah."

Kalma biyu ce kawai. Kakata ce. Lujain ta ji su a kan harshenta, masu nauyi kamar taɓarya. Ta ga fuskar Basma in ta ji, ta ga Basma na ba Rakan labari a mota, ta ga Rakan ya yi shiru. Ta sunkuyar da kai.

"Aiwa," in ji Hajiya Saudatu. "Jara. Ana jara, maƙwabciya. Aron rariya na shigo, ban san da baƙi ba. Ku yi haƙuri."

Ta juya. Ba matakala ta nufa ba, ƙofar waje ta nufa. Ta zura silifas ɗin da ta tarar a bakin ƙofa, ba ma nata ba ne, ta ja mayafi ta rufe kai, ta fita daga gidan da mijinta ya gina da hannunsa, cikin zafin Makka da ke dafa ƙwai a kan dutse.

Maimuna ta shigo da tire. "Ina Hajiya? Kamar na ji muryarta," ta tambaya da Hausa.

"Ta fita," in ji Lujain.

Maimuna ta juya ga baƙin da Larabci ta ce mahaifiyar maigidan ta ɗan leƙa waje, in sha Allah wani zuwan za su gaisa. Suka ce ba komai, Allah ya ƙara mata lafiya. Aka sha gahawa. Aka yaba hankalin Lujain da kunyarta, don ko kai ba ta iya ɗagawa. Kafin su tafi Ummu Rakan ta kama hannunta ta ce maza za su zo su ga babanta a sa ranar milka, wato ɗaurin aure. Da yamma saƙon Rakan ya shigo, ya ce mahaifiyarsa ta dawo tana cewa ta samo masa zinariya. Lujain ta kifa wayar ta shige banɗaki ta buɗe famfo don kar a ji kukanta.

Bayan magariba Hajiya ta dawo. Ta ce wa Maimuna ta je duba maƙwabciyarsu Maman Dauda ce, jikin nata ya motsa. Ta hau sama, taku ɗaya, hutu, taku ɗaya.

Lujain ta zaci za a yi mata faɗa, har addu'a ta yi a yi. Amma da safe da ta kai wa kakar shayi, sai tsohuwar ta karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Malama Lujain. Allah ya yi albarka."

Tun da take ba ta taɓa jin "na gode" daga bakin nan ba. Abin da ta saba ji shi ne shayin ya yi ruwa, ko an ga mai shayi an ga mummuna. Ta yi ƙarfin hali ta ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, yau ma kin tashi?"

"Haka ne," in ji Hajiya. "Allah ya nufa."

Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Sannu Malama. Madalla. Ba komai, zan iya. Ladabin nan ya fi mari ciwo. Maimuna ta lura gidan ya yi tsit, ta tambaya ko sun yi faɗa, kowacce ta ce a'a. Lujain ta daina cin abincin kirki. In ta bi ta lungu ta ji ƙamshin siriye sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ga risala kuma na jiranta, malamarta na son babi na ƙarshe, wanda ya shafi mutuwar mawaƙin da abin da ya bari. Ta buɗe littattafan da ta sani kamar tafin hannunta. Jonah Tarwell ya mutu a wani ɗakin haya a birnin arewa mai sanyi, bai kai hamsin ba, yana ta roƙon mawallafa su buga masa waƙoƙinsa na Turancin littafi, suna ce masa ya kawo irin na tsohuwa. Bayan mutuwarsa waɗancan waƙoƙi na wata da taurari suka bi iska. Na muryar uwarsa ne suka rayu. Jikokin masu gyaran kifi suka ɗauke su, suna karanta su a makarantu da alfahari, aka sa wa makaranta sunansa, aka kafa gunkinsa a bakin kogin yana kallon ruwa. Ita kuwa uwar, malamai har yau ba su daidaita a kan sunanta ba.

Lujain ta koma babin zazzaɓi, babin da ta fi alfahari da shi, inda ta tattaro hujjoji cewa lallai ciwo ne ya hana shi zuwa garinsu. Ta karanta shi tun daga farko, fuskarta na zafi. Wataƙila ya yi zazzaɓin. Ita ma ai ga shi jikinta rawa yake. Amma yanzu tana ganinsa kwance a masauki, yana jin jirgin da zai kai shi gida yana busa, ya ja bargo ya rufe kai, don ya san in ya tsaya a zauren nan ya riƙe ƙugu, akwai mace ɗaya a kujerun baya da ba za ta yi dariya ba. Ya so ta, wannan Lujain ba ta janye ba. Ita ma ai tana son tata. Son bai hana komai ba.

Ta rufe kwamfutar ta hau sama. Hantsi ne, Hajiya na zaune a inuwar tankin ruwa tana tankaɗen yaji. Lujain ta durƙusa a gabanta a kan siminti mai zafi.

"Ya Sitti, ki yafe mini."

"Me kika yi mini, Malama?"

"Don Allah ki daina ce mini Malama. Ki zage ni. Ki ce mini mummuna."

"A'a. Mutum ba ya wasa da 'ya'yan maƙwabta, sai a ce ya raina iyayensu."

Lujain ta fashe da kuka. Tsohuwar ta bar ta ta yi, tana ta kaɗa rariya. Can ta ajiye.

"Kwaikwayon bai dame ni ba. Tun kina da haƙoran nono kike yi, ni na koya miki ma. Amma nan kike yi, a gabana, in kin gama in ɗauka. Can da kika kai ni, ina ina? Wa ya rama mini? Shekara nawa yara suna dariyata a jami'a, ni ina nan ina daka, ina cewa jikata na can tana karatu." Ta share yajin da ya maƙale a yatsunta da gefen zane. "Shi ke nan, ya wuce. Yaron kirki ne, na ji an ce. Kar ki ɓata aurenki. Na riga na gaya wa Maman Dauda, duk ranar da za su zo zan koma wurinta. Ranar biki in shigo cikin maƙwabta, in zauna baya. In sun tambayi kakarki ki ce ta tafi Kano."

"Sitti!"

"To me? Ke kika fara ginin, ni jinka kawai na yi miki."

A nan ne Lujain ta ga abin da ke gabanta sarai. Tsohuwar da gaske take. Za ta yi ta sa silifas ɗin wasu tana fita daga gidanta, wannan shekara da ta gaba, har ranar da za a fitar da ita a makara, kuma ba za ta ƙara ce mata mummuna ba. Ta tuna Rakan, da tagarsa da ɗakinsa, tana kuwa sonsa so na haƙiƙa. Ta san yana iya jin labarin ya ce wadda ta musanta kakarta gobe wa za ta musanta. In ya faɗi haka bai yi ƙarya ba.

Ta miƙe, gwiwoyinta duk shatin siminti, ta leƙa matakala ta ƙwala kira.

"Umma! Umma, hawo don Allah!"

Maimuna ta hawo da ludayi a hannu, tana tambayar lafiya. Ta ga idon 'yarta jawur, ta ga surukarta ta kawar da kai.

"Ke, kar ki soma," in ji Hajiya. "Gwiwata ba za ta kai ni ko'ina ba."

Lujain ta goge fuskarta da bayan hannu.

"Umma, ki kira Ummu Rakan ki ce mata muna zuwa Zahir yau bayan la'asar, ni da ke da Sitti, ko goya ta zan yi. Zan faɗa musu da bakina, a gaban Basma, cewa wannan ba maƙwabciya ba ce, uwar babana ce, kuma ƙarya na yi musu tun farko. In na gama, ta rama a gabansu yadda ta ga dama. In sun fasa, sun fasa. Ba za a sa mini ranar aure kakata tana gidan maƙwabta ba."